Waya ta uwa ce, lambar sirri na wurin ɗa: tarbiyya a gidajen Hausawan Legas

A yawancin gidajen Hausawan Legas, wayar da yaro ke dannawa ba tasa ba ce. Ta uwarsa ce, ko ta yayarsa, ko tsohuwar wayar uba da gilashinta ya tsage aka bar ta a gida. Duk wanda zai yi maganar yara da waya a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Alaba Rago, daga nan ya kamata ya fara. Galibin shawarwarin da ake yaɗawa an tsara su ne don wani irin gida daban, gidan da yaro ke da ɗakinsa, da wayarsa, da iyayen da suka fi shi sanin abin da ke cikinta. Mu kuwa ɗaki ɗaya ne ko ɗaki da falo, a gidan haya mai ƙofa na kallon ƙofa, waya ɗaya tana yawo a hannu biyar, kuma wanda ya fi kowa iya sarrafa ta shi ne ɗan shekara 12.

Tsaya a bakin rumfar mai tuwo a Agege da magariba ka gani. Mai saye ya ce ya tura kuɗi, ita kuma hannunta duk miya, sai ta ɗaga murya: "Abba, zo ka duba min ko ya shigo." Yaron ya fito da littafin aikin gida a hannu, ya karɓi wayar, ya danna lambobi huɗu ba tare da ya tambaye ta ba, ya ce, "Ya shigo, Umma." Ya koma ciki, wayar kuma ta bi shi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da tilas ta sa har mai sayar da goro ya koma karɓar kuɗi ta waya, yara da yawa suka zama ma'ajin gida. Su ne suka buɗe wa uwa WhatsApp, su ke karanta saƙon makaranta da ya zo da Turanci, su ke sayen data, su suka zaɓi lambar sirri. Babu laifi a cikin wannan, taimakon iyaye ne, kuma yaron ya cancanci albarka. Sai dai ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: uwar da ɗanta ne ya sa wa wayarta makulli ba za ta iya kulle shi a waje ba. Duk wani tsari na sa ido da ya dogara da cewa babba ya fi yaro wayo a kan na'urar, a gidajenmu ya faɗi tun kafin a fara.

Da can tarbiyya ba aikin mutum biyu ba ce. A Katsina ko Haɗeja, yaro bai isa ya yi taku goma daga ƙofar gida ba tare da wani ido ya gan shi ba: dattijon da ke zaune a dakali, makwabciya, malamin allo, ƙanen uba. Ɗa na kowa ne, kuma kowa na da ikon tsawatarwa. Unguwannin Hausawa na Legas sun riƙe wani abu na wannan, shi ya sa har yau mutum ke gwammace ya matsu a cikin 'yan'uwa da ya wala a inda ba a san shi ba. Amma garin ya riga ya rage wa idon ƙarfi. Maigida ya fita bayan asuba don ya riga cunkoso, ko zuwa kasuwar kayan gwari, ko mayankar Oko-Oba, ko layin tireloli a Apapa, ko gadi a Ikoyi inda sai ƙarshen mako ake ganinsa. In ya dawo bayan isha'i, abin da ya rage a jikinsa bai wuce na cin tuwo da kwanciya ba. Kakanni suna Arewa. Makwabcin ɗaki na iya zama mutumin kirki, amma ba zai tsawata wa ɗan wani ba, don bai san yadda za a ɗauka ba.

Uwa ce ke nan ta rage, ita kuma tana da dalilinta na miƙa wayar. Titi a Legas ba wurin wasa ba ne. Ga danfo, ga babura, ga 'yan tasha, ga kwata a buɗe. Yaron da ya zauna shiru a kan katifa yana kallo, a idonta ya tsira. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, kuma duk malamin da zai hau mumbari ya kira ta da sakaci, ya fara zuwa ya yini da yara huɗu a ɗaki ɗaya ranar da babu wuta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, shirun da take gani ba zaman banza ba ne. Wani ne ke hira da yaron.

Manhajojin gajeren bidiyo, irin TikTok da makamantansa a Facebook da Instagram da YouTube, ba sa jiran ka nemi abu. Suna auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, wanne ka maimaita, wanne ka wuce da sauri, wanne ka tura wa wani, sannan su kawo maka na gaba bisa wannan awon. Kamar mai shayin da ya san hannun kowa ne: ba sai ka faɗa ba, ya san yawan sukarinka. Bambancin shi ne, kuɗin kamfanin daga talla yake fitowa, talla kuwa gwargwadon daɗewarka ake biyan ta, saboda haka bidiyon ba shi da ƙarshe, wani na bin wani. Yaro bai nemi batsa ba, bai nemi faɗa ba. Ya dai ɗan tsaya, don mamaki ko tsoro, a kan wani abu da ya gifta, na'urar kuma ta rubuta tsayawar a matsayin so. Gobe sai ta ƙara masa. Da yawa daga cikin yaran da ake dukansu a kan "ina ka samo wannan" gaskiya suke faɗa in suka ce su ma gani suka yi.

A takarda akwai kariya. Waɗannan shafuka sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe asusu, ƙa'idar da ta samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998 kan tattara bayanan yara. Wasu sun ƙara matakai na musamman ga matasa: TikTok na da tsarin haɗa asusun uba da na ɗa, Google na da Family Link, Instagram ya fito da asusun matasa a 2024. A nan gida, dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye za a sarrafa bayanan yaro, kuma ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ba ta ba wanda bai kai 18 ba damar yin rajistar layi. To, ga inda gizo ke saƙa. Layin da ke cikin wayar da sunan babba aka yi shi, da lambarsa ta NIN aka haɗa shi. Asusun da ke kanta na uwa ne, shekarun da aka rubuta 35 ne ko 40. Duk lokacin da ɗan shekara 9 ya ɗauki wayar, a wurin kamfanin babbar mace ce ke kallo, don haka babu ɗaya daga cikin matakan kariyar yara da ke aiki. Wannan shi ne gibin da ya fi shafarmu, kuma ban taɓa jin an yi bayaninsa a wurin taron iyaye ba.

Akwai kuma abin da mu manya muke zubawa a cikin wayar da hannunmu, kuma a ganina ya fi abin da muke zargin Turawa da shi yawa. Kowane Bahaushen Legas yana cikin zaurukan WhatsApp na dangi, na 'yan gari, na 'yan kasuwa. Duk ranar da 'yan bindiga suka kai hari a Zamfara ko Katsina, ko mota ta kife a hanyar gida, kafin azahar bidiyon gawarwaki ya iso, da "Innalillahi" a ƙasansa. Wanda ya turo ba mugu ba ne, jimami ne da son a sani. Amma WhatsApp, in ba an hana shi ba, yana iya sauke abin da aka turo ya ajiye a ma'ajiyar hotuna, tare da hotunan suna da na sallah. Yarinya 'yar shekara 7 ta ɗauki wayar don ta ga hoton kwalliyarta, yatsanta ya zame zuwa na gaba. Ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai dai a ga ta daina yarda ta fita fitsari da dare, ko ta fashe da kuka in aka ce za a je gida hutu, a ce aljanu ne ko shagwaɓa. Hana saukar bidiyo kai tsaye aikin minti ɗaya ne a cikin saitin manhajar. Daina tura irin waɗannan hotuna kuwa hakkin mamatan ne ma, kafin a zo ga na yara.

In aka ce haɗarin waya, hankalin yawancinmu kan 'ya'ya mata yake tafiya: kar ta yi rawa a TikTok, kar ta yi hira da saurayi, kar ta jawo wa gida magana. Ana bincika wayar yarinya, ana ƙirga mintocinta. Namiji kuwa an sake shi, wai shi namiji ne. Wannan rabon bai yi daidai da inda ɓarnar take ba. Yaron da ke zuwa gidan kallon ƙwallo yana zaune ne a cikin tallan caca, a allon, a bango, a bakin abokai. Doka ta ce sai mai 18, amma wayar da ke hannunsa ta babba ce, manhajar banki na ciki, lambar sirri na kansa. Da naira 100 ake farawa. Uwa ta ga kuɗin adashinta na raguwa da kaɗan-kaɗan, ta ɗauka cajin banki ne. Kusa da wannan akwai abin da ya fi shi muni. Yaro ya taso a garin da yake ganin sa'annin yayansa sun sayi mota ba tare da an san sana'arsu ba, ana kiransu 'yan yahu ana dariya, wasu ma ana yi musu kirari. Ɗan mai gadi da ke kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa yana ganin wannan kullum, kuma kayan aikin damfarar bai wuce abin da ke hannunsa ba.

A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke da hannu a damfarar tsiraici. Yadda ake yinta ba wuya: a buɗe asusu da hoton budurwa, a ja yaro da hira har ya tura hoton jikinsa, nan take murya ta canza, a ce ya turo kuɗi ko a watsa wa danginsa da 'yan ajinsu. A 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an yi masa haka. Waɗanda suka yi masa 'yan'uwan juna ne su biyu daga nan Legas, aka miƙa su ga Amurka a 2023, aka yanke wa kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. Na kawo wannan ne don ɗanmu na iya tsintar kansa a kowane ɓangare na labarin, ko wanda aka yi wa, ko wanda abokai suka koya wa yi. Kuma galibin yaran da ake farauta da wannan salon maza ne, waɗanda muka ce ba sa bukatar tsaro.

Me ya sa tarkon ke kamawa? Don mai damfarar ya san abu ɗaya tak: yaron ya fi tsoron iyayensa su sani fiye da komai. A nan ne al'adarmu, wadda nake ƙauna, take ba shi makami. Mun tashi da kunya. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya zauna da shi a yi maganar balaga. Uwa na iya yi wa 'yarta bayanin wanka da tsarki, amma iyakarta ke nan. Kunya ta tsare mana abubuwa da yawa, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita. Sai dai a da, abin da uba ba zai iya faɗa ba akwai mai faɗa: kaka da ake wasa da ita, goggo, kawu, yaya. A Legas waɗannan mutanen suna nisan tafiyar kwana guda a mota. Idan aka haɗa wannan da sanin cewa duk wanda ya kawo ƙarar kansa bulala ce za ta fara amsa masa, to an gama rufe ƙofa. Yaro zai saci kuɗin uwarsa ya biya, a sake nema, ya sake biya. Yarinya za ta ci gaba da tura hoto na biyu da na uku don kar a watsa na farko. Tambayar da ta kamata kowane uba ya yi wa kansa ba "me ɗana ke kallo" kaɗai ba ce. Ya tambayi kansa: in abu ya ɓaci da ƙarfe biyun dare, akwai babba ɗaya a duniya da yaron nan zai iya tasa daga barci ya gaya wa?

Abin da muka saba yi in abu ya fito fili shi ne a ƙwace wayar, a yi duka, in ya yi tsanani a ce a mayar da shi gida wurin kaka ko a kai shi makarantar allo. Ƙwacewa na da wurinta, musamman ga ƙanana. Amma ga ɗan shekara 15 a Legas, tsugune ba ta ƙare ba: abokinsa na da waya, kuma da kuɗin dako na 'yan makonni zai samu ta hannu a kasuwar wayoyi ta Ikeja, ya ɓoye ta a wurin wani. Daga nan ka rasa ko ɗan ganin da kake yi. Mayarwa Arewa kuwa, intanet ɗin Kano da na Agege ɗaya ne. An dai ɗauke yaron daga gaban uwar da ta san fuskarsa in yana ɓoye abu, an kai shi gaban tsohuwar da ba ta san inda ake kunna wayar ba.

Hana waya ɗungurungum ma zalunci ne ta wata fuskar. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yinta, kuma yaron da bai saba da allo da madannai ba ya shiga ɗakin da rauni. Lokacin kullen korona na 2020, da aka rufe makarantun Legas, 'ya'yan da gidansu ke da waya da data sun ci gaba da karatu, sauran suka zauna. Ga wani amfanin da ya shafe mu musamman. Yaran da aka haifa a nan bakinsu ya fi karkata ga Buroka da Yarbanci, Hausarsu tana tsinkewa. Saƙon murya da kaka ke turowa daga Daura, kiran bidiyo ranar sallah, tafsirin azumi, karatun Alƙur'ani da yaro ke bi yana gyara haddarsa, duk ta wannan wayar suke zuwa. Ita ce igiyar da ta riƙe yara da yawa da asalinsu.

Saboda haka nake ganin ƙuncin da muke kuka da shi yana ɗauke da wata dama da masu kuɗi ba su da ita. Waya ɗaya a ɗaki ɗaya abu ne da ake iya gani. Kada a yi gaggawar saya wa yaro tasa don a nuna an samu. In don a riƙa jin inda yake ne a hanyar makaranta, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar. In za a ba shi ta gida, ya zama a gaban mutane, sauti a buɗe, ba da abin kunne ba. Lambar manhajar banki ta bambanta da ta buɗe waya, kuma uwa ta daure ta koyi danna ta da kanta, ko da za a yi mako ana maimaita mata. Dare shi ne lokaci mafi haɗari, ga datar dare da kamfanoni ke sayarwa da araha, ga kowa ya yi barci, ga yaron da zai tashi ƙarfe biyar don ya kama mota. Wayar ta kwana a ƙarƙashin matashin uwa ko a aljihun uba, kuma dokar ta hau kan kowa, domin uban da ke kallon bidiyo har ƙarfe ɗaya ba shi da bakin hana wani. Ga 'yan ƙanana, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 a fili take: kafin shekara 2 babu zaman kallon allo, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Tunda yaron ya fi ka sani, mayar da sanin nasa hanyar shiga. Zauna kusa da shi ka ce, "Nuna min yadda abin nan yake, me 'yan ajinku ke kallo yanzu?" Yara na son a tambaye su abin da suka iya, kuma a cikin minti goma na gungura allo tare za ka ga irin abincin da na'urar ke ba shi, fiye da abin da binciken ɓoye zai nuna maka. Sannan a faɗa masa magana ɗaya a sarari, tun kafin komai ya faru: "Duk wanda ya nemi hotonka, ko ya tsorata ka, ko ka yi kuskure ka tura, ka zo ka gaya min. Ba zan dake ka a kan ka faɗa ba." In uba ba zai iya furta wannan ba, ya wakilta ƙanensa ko wata goggo, ko ta waya ce. In kuma abin ya faru, kada a biya ko kobo, domin biya ba ya kashe bukatar. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida. A toshe mutumin, a kai ƙararsa a cikin manhajar, a je wa 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci, kuma jihar Legas na da hukuma ta musamman mai kula da cin zarafi a gida da na lalata.

Wasu na cewa gwamnati ta yi irin na Ostireliya, wadda a ƙarshen 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a manyan shafukan sada zumunta. Ina goyon bayan a matsa wa kamfanonin, don su suka gina abin kuma su ke cin ribarsa. Amma irin wannan doka asusun yaro take nema, namu kuwa a cikin asusun uwarsu suke. Kuma ƙasar da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasanta suka koyi zagayawa ta VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, cikin kwana biyu, ba ta da hujjar dogara da toshewa kaɗai.

Inda nake ganin za a fi samun sakamako shi ne wuraren da muka riga muka mallaka. Kusan kowace unguwar Hausawa a Legas tana da Islamiyyar matan aure, da masallacin da ake taruwa, da fadar Sarkin Hausawa. A cikin ɗalibanmu da ke jami'a da masu gyaran waya a bakin kasuwa akwai waɗanda suka san saitin nan ciki da waje. A ware Asabar ɗaya a wata, mata su zo da wayoyinsu, wata ɗaliba ta bi su ɗaya bayan ɗaya da Hausa: ga inda ake hana bidiyo sauka, ga inda ake ganin awa nawa aka yi a kan kowace manhaja, ga yadda ake canza lambar banki, ga yadda ake buɗe wa yaro nasa ɓangaren da shekarunsa na gaskiya. A yi wa maza nasu bayan sallar isha'i, tunda lokacin ne kaɗai ake samunsu. Malaman Islamiyya kuma, da suke koyar da babin tsarki da balaga ba tare da kowa ya ga baƙonsa ba, su ne suka fi dacewa su ƙara darasi a kan hoton jiki, da caca, da cin kuɗin damfara, ajin maza daban, na mata daban.